Sabae, Garin Maƙeran Tabarau

Jirgin ƙasan nan mai gudun walƙiya da Japanawa ke tinƙaho da shi ba ya tsayawa a Sabae. A watan Maris na 2024 aka ƙara wa layinsa tsawo daga Kanazawa zuwa Tsuruga, ya keta jihar Fukui, ya wuce garin ko waiwaye babu. Mai zuwa Sabae sai ya sauka a birnin Fukui ya nemi ƙaramin jirgi mai tsayawa tasha-tasha, ya yi kudu ta tsakiyar gonakin shinkafa, tafiyar kamar minti goma sha biyar. Gari ne da mutanensa ba su cika dubu 70 ba, kwance a fili tsakanin duwatsu, a gefen ƙasar da ke kallon Tekun Japan, nesa da hayaniyar Tokyo da Osaka. Amma in ka tara tabarau goma da aka buga wa tambarin ƙirar Japan, tara daga ciki, ko ma fiye, a nan ko a garuruwan da ke maƙwabtaka aka ƙera firam ɗinsu, wato gidan da ake dasa gilashin a ciki da ƙafafu biyun da ke hawa kunne. Firam ne sana'ar garin. Gilashin da ke ƙara gani yawanci aikin wasu ne.

Garin ba ya ɓoye abin da yake ci da shi. Daga bakin tasha akwai titi mai tsawon kamar mita 900 da ya miƙe zuwa gidan tarihin tabarau, kuma duk inda ka ɗora ido a titin sai ka ga siffar tabarau: a bencin zama, a murfin kwalbati, a jikin matakala. A saman dogon ginin da gidan tarihin yake ciki an ɗora wani ƙaton jan tabarau da ake hange tun daga nesa, can kuma a gefen wani dutse an kafa sunan garin da manyan fararen haruffa, da tabarau a kusa da shi. Ni dai adon ya ɗan yi mini yawa, amma na fahimci dalili. Mutanen da suka shafe shekaru da dama suna ƙera kaya ana buga sunan wasu a jiki, ranar da suka tashi faɗin sunansu ba za su faɗe shi da raɗa ba.

Abin da ba za ka gani ba shi ne abin da baƙo ke zuwa da tsammaninsa, wato katafariyar masana'anta mai bututun hayaƙi da dubban ma'aikata na tururuwa. Akwai 'yan manyan kamfanoni, amma yawancin aikin a bayan gidajen zama yake. Za ka wuce gida mai rufin tayil da tukwanen furanni a ƙofa, da 'yar mota a gefe, sai ka ji ƙugin inji daga wani ɗaki da aka jingina a jikin gidan. Wannan gida ƙila hinji kaɗai yake yi. Na gaba sukurun da ke riƙe hinjin. Wani kuma 'yar robar da ke zama a karan hanci, wani shafen zinare, wani gugar ƙarshe. Firam ɗin ƙarfe guda ɗaya yakan bi matakai fiye da 200 kafin ya kammala, kuma da wuya a yi su duka ƙarƙashin rufi ɗaya. Shi ya sa duk wunin Allah ƙananan motocin kaya ke zirga-zirga a lunguna ɗauke da farantan roba cike da firam rabi-da-rabi, daga wannan gida zuwa wancan. Garin ne masana'antar, titunansa kuma su ne hanyar da kaya ke bi daga teburi zuwa teburi.

Tushen abin dusar ƙanƙara ce. Wannan yanki na cikin wuraren da ta fi zuba a Japan. A hunturun 1963 ta taru a birnin Fukui har ta haura mita biyu, a Fabrairun 2018 kuma ta kai santimita 147, ta tsare motoci kusan 1,500 a kan babbar hanya. In haka take a zamanin motocin kwashe ƙanƙara, sai ka ƙiyasta halin manomi a farkon ƙarni na 20. Da zarar an girbe shinkafa gona ta rufe ruf har bazara, maza su bar gida su tafi birane neman na sakawa a bakin salati. Cin rani ne sak, sai dai su sanyi ke korarsu, ba fari ba.

Wani mai faɗa a ji a ƙauyen Shono, wanda yanzu ya shiga cikin birnin Fukui ta kudu, dab da Sabae, shi ya nemi abin da zai zaunar da mutanensa a gida. Sunansa Masunaga Gozaemon, an haife shi a 1871. Ƙanensa Kohachi, wanda ya zauna a Osaka, shi ya kawo shawarar tabarau. Lissafinsu mai sauƙi ne kuma ya fita daidai: makarantu na yaɗuwa, jarida ta shiga hannun talaka, kuma duk al'ummar da ta kama karatu ba da jimawa ba za ta nemi abin ƙara gani. Ga shi sana'ar ba ta cin jari mai yawa, a zaune ake yin ta cikin ɗaki, ko da ƙanƙara ta toshe ƙofa. A 1905 Gozaemon ya ɗauko gwani daga Osaka, daga baya ya ƙaro wani daga Tokyo, suka zauna suna koya wa 'ya'yan manoma lanƙwasa waya da walda.

Dabarar da ta fi burge ni a labarin ita ce yadda ya tsara masu koyo. Bai tara su wuri ɗaya yana ba da umarni ba. Ya raba su rukuni-rukuni, kowane rukuni da ubangidansa da yaransa, kowanne ya kawo aikinsa a duba, wanda ya fi kyau ya fi samu. Gasa ta shiga tsakani, hannu ya yi ta faɗawa. Wanda ya ƙware kuma ba a riƙe shi, sai ya fita ya buɗe nasa, ya ɗauki nasa yaran. Har makarantar dare ya buɗe wa masu koyon a saman masana'antar. Wannan sakin hannu shi ya watsa sana'ar daga Shono zuwa ƙauyukan da ke kewaye har ta cika Sabae, kuma shi ne kakan rabon aikin da ake gani yau. Gozaemon ya rasu a 1938, shekara biyar bayan kamfaninsa ya ƙera wa Sarki Hirohito tabarau na zinare lokacin da ya ziyarci Fukui. Kamfanin Masunaga na nan yana aiki har gobe.

Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙone masana'antun Tokyo da Osaka, girgizar ƙasa ta 1948 ta rusa birnin Fukui, amma Sabae ta miƙe da wuri, har filin tsohon barikin soja da ke garin ya koma wurin masana'antun tabarau.

A gidan tarihin an jera kayan aikin mutanen farko: guduma 'yar ƙarama, awartaki, magagari iri-iri, da injin jan waya da ake juyawa da hannu. Akwai tabarau na zamanin da, marasa ƙafa, waɗanda ake ɗaurawa a kunne da zare, da na ƙoƙon kunkurun teku, wanda Japan ta daina shigo da shi a farkon shekarun 1990 don kada dabbar ta ƙare. A bene na ƙasa akwai shago mai firam wajen 3,000, dukansu ƙirar jihar, da ɗakin da baƙo zai zauna a ba shi guntun roba da magagari ya gwada hannunsa. Wuri ne mai kyau, amma gidan tarihi gidan tarihi ne. Wanda ke son ya ga sana'ar tana numfashi sai ya samu wanda zai shigar da shi ɗaya daga ɗakunan nan na bayan gida.

Wanda aka shigar da ni na masu firam ɗin roba ne, kodayake kiran abin roba rage masa daraja ne. Asitet ake ce masa, kuma asalinsa auduga ce ko ɓargon itace da aka sarrafa, ba man fetur ba. Yana zuwa ne falle-falle kamar allo, an jingina su a bango: baƙi wuluk, ruwan zuma, mai dabbare-dabbare irin na bayan kunkuru, wani kuma in ka ɗaga shi a haske sai ka ga launi uku sun hau kan juna. Launin a cikin jikinsa yake, ba fenti ba ne, don haka duk zurfin da aka kankare ba ya gushewa. A kusurwa akwai injin da kwamfuta ke sarrafawa, shi ke yanke siffar fuskar tabarau daga allon, ya huda gurbin idanu biyu, ya tsaga 'yar kwarin da gilashi zai zauna. Cikin 'yan mintoci ya gama. Abin da ke fitowa daga bakinsa fari-fari ne da ƙura, gefensa da kaifi, ba wanda zai yarda ya ɗora shi a fuska.

Daga nan hannu ke karɓa. Ana gasa firam ɗin har ya yi laushi, a danna shi a mazubi ya ɗauki lanƙwasar fuska. A manna 'yan tudun da ke zama a kan hanci, sannan a bi wurin da magagari har sai layin mannin ya ɓace, ka rantse da su aka halicci allon. Ƙafafun kuma ana zafafa su, a harba wata siririyar waya mai zafi ta tsakiyarsu tun daga gindi har kusa da ƙarshe. Ita ce ke hana ƙafar karkacewa, ita ce kuma ke ba mai shago damar lanƙwasa ta daidai kunnen mai saye. In wayar ta kauce ko da kaɗan, a firam mai haske kowa zai gani, sai a jefar.

Na daɗe a tsaye bayan wani dattijo da aikinsa ke nan haɗa ƙafa da fuska. Inda su biyun ke haɗuwa in an buɗe tabarau, so ake su zauna leɓe da leɓe, ba rata, ba tudu. Yakan buɗe ƙafar, ya shafa mahaɗar da babban yatsa, ya rufe, ya ja magagari sau biyu ko uku, ya hure ƙurar, ya sake buɗewa ya shafa. Ba ya ko duban wurin sosai, yatsan ne ke gani. Magagarai sun fi goma a gabansa, kowanne da irin haƙoransa, ƙotocinsu sun yi baƙi sun lotsa daidai inda yatsunsa ke kamawa. Da ya gamsu ya ajiye a faranti ya ɗauki na gaba. Na ɗauki wanda ya ajiye na shafa: in ka rufe ido ba za ka san inda fuska ta ƙare ƙafa ta fara ba. Tun daga ranar, duk tabarau da ya shigo hannuna wurin nan nake fara taɓawa.

Ɗaki na gaba ba a magana a cikinsa sai da ɗaga murya. Ganguna ne na katako masu kusurwa-kusurwa, an jera su a kwance suna juyawa dare da rana. A cikinsu an zuba gutsattsarin itace da na gora da man gugar, a jefa firam a rufe, a bar su suna birgima kwana da kwanaki. Ana farawa da gutsattsari masu kaushi, a koma masu laushi, kuma kowane gida da irin haɗinsa da ba ya faɗa wa maƙwabci. Har yanayin gari ana dubawa, domin yadda itacen ke ci a lokacin zafi da laima dabam yake da na hunturu. Sai dai ganga ba ta da hankali: tana cinye kaushi, tana kuma cinye kusurwar da mai zane ya so ta fito da kaifi. Saboda haka bayan an fito da su sai mai guga ya zauna gaban wani faifan tsumma da ke juyawa da gudu, ya shafa masa laka ta musamman, ya riƙa kai firam yana ɗaukewa, yana juya shi a yatsu, yana tayar da kusurwar da ganga ta kwantar. Ya danna da yawa, zafi ya narka wurin. Ya sassauta, sheƙi ya ƙi fitowa. Gaban rigarsa da goshinsa duk feshin laka ne. Daga faifan laka a koma na ƙyalli, har sai baƙin firam ya zama kamar an tsamo shi daga ruwa.

Akwai abin da ya girmi asitet, shi ne seluloid, wanda ake haɗawa da auduga da kafur. Ya fi tauri, ya fi riƙe siffa, sheƙinsa kuma ya fi zurfi, har wasu maƙeran kan yi ƙafarsa ba waya a ciki. Aibinsa wuta. Shi ne abin da aka yi fim ɗin silima na da da shi, wanda ya sha tayar da gobara, kuma zafin inji kaɗai na iya kunna shi. Don haka yawancin duniya ta bar shi, 'yan gidajen da suka rage suna aikinsa a Sabae kuma dole su bi shi a hankali, da hannu. In ka goga shi da tsumma ka kai hanci za ka ji ɗan ƙamshin kafur.

Amma abin da ya kai sunan yankin duniya ƙarfe ne. A farkon shekarun 1980 maƙeran Fukui suka riga kowa fitar da firam ɗin titaniyam kasuwa. Ƙarfe ne da bai kai kashi biyu cikin uku na nauyin baƙin ƙarfe ba, ba ya tsatsa da gumi, ba ya kuma sa ƙaiƙayin fata da nikel ke sa wa wasu. Ga mai sawa ni'ima ne, ga maƙeri azaba: yana liƙe wa mazubi, yana cin bakin kayan yanka, in an zo walda iska ta taɓa shi yana da zafi sai ya yi gautsi, shafen launi ma da ƙyar yake kama shi. Kowace matsala sai da aka nemo mata magani, kuma a nan rabon aikin ya yi rana, domin mai walda ya ji da tasa, mai shafe ya ji da tasa, ba wanda ya ɗauki kayan duka a kansa. Manyan kamfanonin ado na Turai da Amurka suka yi layi suna ba da kwangila.

Daɗin bai daɗe ba. Daga shekarun 1990 kwangilolin suka fara komawa Sin, inda aka koyi aikin titaniyam ɗin kuma ake yin sa da araha, manyan sunayen ado kuma suka tattara a hannun kamfanonin Italiya. A 2001 shagunan Zoff da JINS suka fara sayar da tabarau a cikin Japan ɗin kanta, firam da gilashi gaba ɗaya, daga yen dubu biyar, alhali firam ɗin Sabae shi kaɗai yakan kai dubu 30 ko 50. Gidaje da yawa suka rufe. Waɗanda suka tsira sun gane cewa wanda ke yi wa wani aiki ba sunansa a jiki, ranar da aka samu mai araha ba ko sallama za a bar shi. Sai suka shiga fitar da nasu sunayen. Kamfanin Kaneko, wanda aka kafa a garin a 1958, har sunan maƙerin da ya yi firam yake bugawa a jikin wasu kayansa. Sa'a ma ta taimaka: a 2008, da Sarah Palin ta tsaya takarar mataimakiyar shugaban Amurka sanye da wani tabarau marar baki da Kawasaki Kazuo ya zana, kamfanin Masunaga ya ƙera, oda ta yi ta kwarara. Kamfanin Charmant kuwa ya ɗauki ƙwarewarsa ta titaniyam ya shiga ƙera almakashi da hantsakin tiyatar ido da ƙwaƙwalwa. A 2018 Luxottica na Italiya, giwar wannan kasuwa a duniya, ya sayi kashi 67 cikin 100 na kamfanin Fukui Megane. Wasu na ganin hakan shaida ce ta daraja, wasu na ganin somin haɗiya ne, kuma ina jin duka biyun suna da gaskiya.

Game da kalmar "aikin hannu" da ake bugawa a ƙafar tabarau, gara mai saye ya san abin da yake saye. Takardun talla sun fi son hoton tsoho shi kaɗai a ƙarƙashin fitila, ya ɗauki allo da safe ya miƙa tabarau da yamma. Irin wannan bai fi a ƙirga da yatsu ba. Inji ne ke yanka, kuma ya fi hannu iya yanka. Ban ga abin kunya a nan ba, su ma maƙeran ba su ɓoye injinsu. Abin da hannu ke yi shi ne duk inda zai taɓa mutum: inda ke zama a hanci, inda ke bin bayan kunne, mahaɗar da za a buɗe a rufe sau dubbai, da sheƙin da ido ke fara gani. Abu ne da ke wuni a fuska tun daga farkawa har kwanciya, kuma rabin milimita a karan hanci ya isa ya sa mutum ciwon kai kafin azahar. Wannan rabin milimitar ake biya.

Raunin maƙeran Sabae kuma yana nan inda ƙarfinsu yake. Yawancin masu guga da masu magagarin da na gani furfura ta cika musu kai. In gida ɗaya da ya ƙware a wani irin hinji ya rufe don maigidan ya tsufa kuma 'ya'yansa suna Osaka, ba shi kaɗai ya rufe ba, duk masu jiran hinjinsa sun tsaya. Ana ƙoƙari. A unguwar Kawada da ke gabashin garin, wadda ta shahara da akusan katako masu shafen ƙaro tun kafin a san tabarau, an fara wani biki a 2015 mai suna RENEW, inda duk kaka masu sana'a ke buɗe ƙofofinsu kowa ya shiga ya gani: masu tabarau, masu akushi, da masu takardar gargajiya da maƙeran wuƙa na garuruwan maƙwabta. Ta wannan hanya wasu matasa daga birane sun zo kallo sun zauna koyo, mata da yawa a cikinsu. Sai dai mai zane da mai talla sun fi saurin samuwa a kan wanda zai yarda ya yi shekaru a gaban faifan laka.

Akwai kuma gidajen da ba su ƙera sabo ko ɗaya, gyara kaɗai suke yi. Shagunan tabarau daga ko'ina a Japan na aiko musu da waɗanda suka karye, kowanne a 'yar jakarsa da takardar bayani: wannan an zauna a kansa, wannan kare ya tauna, wannan gumi ya sa ya yi fari. Titaniyam da ya tsinke a yi masa walda a sake shafe shi, ƙafar da ta ɓata a sassaƙa mata 'yar'uwa daga allo mai launi iri ɗaya. Asitet da ya dushe kuma a kankare bayansa kaɗan a mayar da shi kan faifai, tunda launin har ciki yake, sai ya koma wa mai shi da sheƙinsa, a sa masa sabon sukuru a hinji.